Intanet ɗaya, firinta ɗaya: shawara ga masu ƙananan ofisoshi a Mubi

Sana'ata haɗa kwamfutoci da jan wayar netwok, kuma yawancin aikina a cikin garin Mubi ne: makarantu masu zaman kansu, ofisoshin lauyoyi, shagunan buga takardu da ke kewaye da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa, da ofisoshin ƙungiyoyin agaji da suka yawaita tun da jama'a suka dawo gari bayan tashin hankalin da ya auku a garin a 2014. Kusan duk inda na shiga abu ɗaya nake tararwa. Kwamfuta huɗu ko biyar, kowacce tana jan data daga wayar mai ita, firinta ɗaya a teburin sakatare, ga filash yana yawo daga hannu zuwa hannu yana raba bairos. Mai ofis yana biyan kuɗin data kashi-kashi, ma'aikata kuma suna tsaye a kan sakatare suna jiran ya buga musu takarda.

Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince a watan Janairun 2025 a ƙara kuɗin kira da na data da abin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba, wannan tsari ya zama asara tsagwaronta. Maganinsa a haɗa kwamfutocin wuri guda, su sha intanet daga tushe ɗaya, su aika aiki ga firinta ɗaya. Sai dai abin da nake so in ja hankalinmu a kai shi ne, yawancin kukan “netwok ba ya ja” da ake kirana a kansa, ba daga kamfanin sadarwa matsalar take ba. A cikin ofishin take: wuta, waya, adireshin firinta, da kalmar sirri.

Kafin ka sayi komai

Ofishi mai mutum biyar zuwa goma abu huɗu yake bukata: rauta mai ɗaukar layin 4G, suwic mai rami 8, kebul Cat6, da firinta mai ramin netwok ko Wi-Fi. Amma kada ka zaɓi layi don wani ya yaba maka shi. Layin da ke gudu a unguwar Lokuwa zai iya yin rarrafe a Wuro Patuji ko Sabon Layi, har ma a gida ɗaya ɗakin gaba ya bambanta da na baya. Ka aro layukan MTN da Airtel da Glo, ka gwada su a cikin ofishin kansa, da hantsi da kuma la'asar lokacin da jama'a suka yi yawa a kan sabis. Wanda ya riƙe ƙarfinsa da yamma shi ne naka, na biyunsa kuma ka ajiye shi don ranar da na farko ya ɗauke.

Ƙaramar MiFi ta aljihu ba kayan ofis ba ce. Na'ura goma ko kusa da haka take ɗauka, yawancinsu ba su da ramin kebul, batirinta kuma kumbura yake idan ta wuni a jone. Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan adam, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, yana da amfani ga babban ofis, amma yana son sarari a sama ba tare da bishiya ko gini ya tare shi ba, kuma wutar da yake ci ta ninka ta rauta sau da yawa. A lissafa wannan kafin a ɗauko shi.

Wuta ce tushe

Rauta ba ta cin wuta, wat 10 ko kusa da haka ya ishe ta. Don haka ƙaramin batirin ajiya mai bolt 12, ko layi ɗaya daga inbatar sola, zai riƙe ta da suwic ko an ɗauke wuta. Amfanin hakan ya wuce ci gaba da intanet kawai: rautar da ke mutuwa tana tashi sau biyar a wuni ita ce ke birkita adireshin na'urori, kamar yadda za mu gani a kan firinta.

Firinta mai tona, irin su HP LaserJet, lamarinta daban ne. A cikinta akwai wani abin nadi da ke ɗaukar zafi don manna tona a jikin takarda, kuma lokacin da yake ɗumama tana zuƙar ɗaruruwan wat a tashi ɗaya. Idan ka jona ta a ƙaramin UPS tare da kwamfuta, za ka ji ya fara kuka, komai ya mutu. A ba ta soket nata, kuma a kashe ta kafin a sauya daga wutar gari zuwa janareta. Wanda sola kaɗai yake da ita, firinta mai tankin tawada irin su Epson EcoTank ta fi masa sauƙi, domin wutar da take ci kaɗan ce.

Sai tsawa. Damunar Mubi takan kai daga Mayu zuwa Oktoba, kuma a wannan lokacin ne nake yawan ganin suwic da ramukansa suka ƙone. Sau da yawa sanadin shi ne kebul da aka rataya a sama daga wani gini zuwa wani. A sa shi cikin bututu a binne, a tabbatar ginin yana da wayar ƙasa mai kyau, idan hadari ya taso da ƙarfi kuma a zare kayan daga bango.

Abin da ba ya motsi, a ba shi waya

Wannan ita ce ƙa'idata. Kwamfutar tebur da firinta a ja musu kebul, Wi-Fi a bar wa laftof da wayoyin hannu. Kebul ba ruwansa da kaurin bango, kuma ba ya yankewa haka kawai.

Amma a kula da irin kebul ɗin. Kasuwa cike take da wanda aka rubuta Cat6 a kwalinsa, alhali cikinsa alminiyam ne da aka shafa wa jan ƙarfe. Gane shi ba wuya. Ka fere robar, ka zaro sili ɗaya, ka kankare shi da wuƙa. Idan ja ne har ciki, na gaske ne. Idan fari ya bayyana a ƙarƙashi, ka ajiye musu kayansu. Irin wannan da ka lanƙwasa shi sau biyu ko uku sai ya karye, kuma bayan 'yan watanni a cikin silin zai fara aiki yau, gobe ya ƙi. Araha ba ta ado.

Kebul ɗaya kada ya wuce mita 100. Kada a ɗaure shi a jikin wayar lantarki, a sa shi cikin bututun roba saboda ɓeraye, kuma a rubuta lamba a bakinsa biyu, domin ranar da tebur na uku ya daina aiki a san wanda za a duba.

Rauta kuma a ɗora ta a sama, a tsakiyar ofis ko kusa da taga inda sabis ya fi ƙarfi. Wasu sukan kulle ta a kabad ɗin ƙarfe don tsoron ɓarawo, sannan su yi mamakin rashin ƙarfin Wi-Fi. Idan rautar tana da zango biyu, 5GHz ya fi gudu a kusa, 2.4GHz ya fi ratsa bangon bulo. Idan aka ƙara rauta ta biyu don ɗakin baya, a kashe mata rabon adireshi, a bar ta farko kaɗai tana yi. In ba haka ba ofis ɗaya zai rabu gida biyu, waɗanda ke baya su riƙa samun intanet amma ba sa ganin firinta.

Firinta: inda rigimar take

Hanyar da aka fi sabawa ita ce a jona firinta da kwamfutar sakatare ta USB, sannan a buɗe wa sauran ta cikin Windows. Tana aiki, amma ranar da sakatare bai zo ba, ko kwamfutarsa ta mutu, kowa ya tsaya. Abin da ya fi shi ne firinta ta shiga netwok da kanta, ta kebul zuwa suwic.

A nan ne kiran da na fi samu yake fitowa.

“Injiniya, jiya lafiya lau take bugawa, yau da safe ta ƙi kowa.”

“Ranka ya daɗe, an ɗauke wuta da daddare?”

“An ɗauke mana.”

Daga nan na san ciwon. Kowace na'ura a netwok tana da adireshi na lambobi, misali 192.168.1.25, kuma rauta ce ke raba su a matsayin aro. Idan aka ɗauke wuta komai ya sake tashi, wayar wani za ta iya riga firinta karɓar lambar, firinta ta samu wata. Kwamfutoci kuwa tsohon adireshin suka sani. Kamar ɗan kasuwa ne da kullum ake sauya masa rumfa a babbar kasuwar Mubi: yana nan da kayansa, amma masu ciniki suna can suna sallama a rumfar jiya.

Gyaran na minti kaɗan ne. A shiga saitin rauta a keɓe wa firinta adireshi ɗaya na dindindin, sannan a saka ta a kowace kwamfuta da wannan adireshin. A sa ta buga takardar bayanin netwok ɗinta, a zagaye lambar da biro, a manna a gefenta da salatif. Manhajar da ke tuƙa firinta kuma a sauke ta daga shafin kamfanin da ya ƙera ta, ba daga filash ɗin wani ba.

Wani tarkon shi ne Wi-Fi Direct. Firinta takan fitar da nata sunan Wi-Fi, ma'aikaci ya shiga ciki ya buga takarda, sannan ya ce intanet ta ɗauke. A ofis a kashe shi. Da hunturu a riƙa rufe firinta saboda ƙura, da damuna a bar takarda cikin ledarta don kada ta sha danshi ta riƙa maƙalewa. Mai tawada kuma ko ba aiki a buga shafi mai launi sau ɗaya a mako, kada bakinta ya toshe.

Ina data take tafiya?

Da farko a toshe wa mutanen waje hanyar shan datar. Ka juya rautarka ka duba takardar da ke manne a ƙasanta. Sunan shiga da kalmar sirrin da ke wurin, a wasu ma “admin” ne kawai, duk wanda ya ɗaga ta ya gani. A sauya su tun ranar farko, kalmar shiga saiti daban, ta Wi-Fi daban, kowacce aƙalla harafi da lamba 12. A zaɓi kariyar WPA2 ko WPA3, a kashe WPS.

A garinmu ba a hana baƙo, kuma da wuya ka ce wa ɗan uwa ko abokin ciniki ba za ka ba shi Wi-Fi ba. To a buɗe netwok ɗin baƙi, wanda yawancin rautoci suna da shi. Baƙo zai samu intanet amma ba zai ga kwamfutocin ofis ko firinta ba, kuma a rautoci da dama ana iya rage masa gudu. Wannan ya fi muhimmanci ga shagunan da ɗalibai ke cika lokacin buga furojet. Ma'aikaci kuma idan ya bar aiki, a sauya kalmar sirri a ranar, ko da lafiya aka rabu.

Ɓarayin data na cikin gida biyu ne. Na farko bidiyo: awa ɗaya mai hoto tangaran yakan ci gigabait 1 ko fiye. Na biyu sabuntawar Windows, wadda babbarta kan ci gigabait da dama a kowace kwamfuta. Kada a kashe ta gaba ɗaya, domin ita ce ke toshe ƙofofin ɓarayi. A saita kwamfutocin su san datar mai iyaka ce, a ware rana guda a wata a sabunta su. Masu Windows 10 su sani cewa Microsoft ya daina ba ta kulawar da ya saba tun 14 ga Oktoban 2025, don haka kwamfutar da ake shiga banki da ita ya kamata ta koma Windows 11.

Maimakon filash, a buɗe jakar ajiya ɗaya ta haɗin gwiwa mai kalmar sirri. Takardun albashi da sakamakon ɗalibai da fayilolin shari'a kada su shiga cikinta. Duk ƙarshen mako a kwafi muhimman takardu a wata ma'ajiya ta daban, a ajiye ta nesa da ofis.

Kafin ka biya injiniya cikon kuɗinsa

Wannan ya shafe mu masu sana'ar. Akwai masu riƙe kalmar sirrin rauta a kansu don dole a sake kiransu. Ba daidai ba ne, kayan na mai ofis ne. Kafin ka sallami duk wanda ya yi maka aiki, ni ko wanina, ka nemi takarda ɗaya mai ɗauke da adireshin rauta da kalmar shigarta, kalmomin Wi-Fi biyu, adireshin firinta, lambar layin da ke cikin rauta da sunan wanda aka yi wa rajistarsa, da zanen kebul ɗin da ya je kowane tebur. Ka tabbatar rajistar layin ba ta wani yaro ba ce da zai iya barin aiki gobe.

Sannan ka yi gwaji a gabansa. Ka kashe komai daga bango, ka jira minti biyu, ka kunna. Kowace kwamfuta ta buɗe shafin intanet, kowacce ta buga shafi ɗaya. Ka shiga netwok ɗin baƙi da wayarka, ka tabbatar ba ta ganin firinta. Idan duk wannan ya tafi daidai, ka biya shi hakkinsa cikakke. Idan ɗaya ya gaza, aiki bai ƙare ba.

Allah ya sa wa kasuwancinmu albarka, ya ƙara wa Mubi zaman lafiya.