Tukwane Biyu da Jiƙaƙƙen Yashi

Jikana,

Tun ranar Juma'ar da ka zo gaishe ni nake juya maganganunka a raina. Ka ce malamin kimiyya ya ba ku mako shida, kowa ya kawo abin da ya haɗa da hannunsa, kuma abokanka sun riga sun gano wani shago inda ake haɗa wa ɗalibi fankar batir ko gidan kwali mai fitila, ya biya ya ɗauka. Ka ce ka jingine ƙwallo saboda jarrabawar WAEC ta baɗi, ga kuma wani yayanku a unguwa yana ta jan ka ka shiga 'yan agaji. Ranar baƙi sun cika zaure, ban samu na amsa maka yadda nake so ba.

Kada ka je shagon nan, jikana. Kayan aro ba ya rufe katara. Wataƙila ka samu makin, amma mako shidan da aka ba ka don hannunka ya koyi wani abu sun tafi ke nan, kuma ba a sayar da su a ko'ina. A shekarun da na yi riƙe da alli, ban taɓa kasa gane aikin da yaro ya yi da kansa ba. Za ka ga gam ya ɓata gefe, waya ta ɗan karkace, amma kana yi masa tambaya ɗaya idonsa zai kawo haske, ya shiga bayani har sai ka ce ya isa haka.

Na san abin da ke ranka: ba ka da kuɗin batir da waya da inji. To, bari in ba ka labarin Malam Muhammad Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta jihar Jigawa da ke Dutse. Ɗan gidan maginan tukwane ne. Ya lura da yadda tumatir da gauta ke ruɓewa a hannun manoman karkara saboda babu lantarki, balle firji. Sai ya ɗauki tukunyar ƙasa babba, ya sa ƙarama a cikinta, ya cika tsakaninsu da yashi, ya jiƙa yashin da ruwa, ya zuba kayan miya a ƙaramar, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Shi ke nan. An ruwaito cewa gautan da ke yamushewa cikin kwana 3 ya kai kwana 27 a ciki. A shekarar 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex da dala 75,000, ya mayar da kuɗin wajen yaɗa tukwanen a ƙauyuka.

Babu abin da ya yi amfani da shi wanda ba ya cikin gidan kakarka. Dabarar kuwa ita ce ta randa: ruwan da ke cikin yashi yana tsattsafowa ta jikin tukunyar waje, iska tana busar da shi, shi kuma in zai tashi sai ya tafi da zafin da ke ciki. Shi ya sa abin ya fi aiki da rani, lokacin da iska take a bushe. Da damina ta sauka, iska ta yi laima, sanyin sai ya ragu.

Ka yi wannan, amma kada ka tsaya a haɗawa. Ka aro ma'aunin zafi a ɗakin gwaji na makarantarku. Ka sayi tumatir kashi ɗaya, ka raba biyu, rabi a tukunya, rabi a faifai a inuwa. Kullum da safe, da azahar, da magariba ka auna zafin ciki da na waje, ka rubuta a littafi da kwanan wata. Ka riƙa jiƙa yashin safe da yamma. Ranar da ka manta ba ka jiƙa ba, ka rubuta cewa ka manta, ka rubuta abin da ma'aunin ya nuna. Nan ne yara da yawa suke zamewa, su goge lambar da ba ta yi musu daɗi ba, su sa wadda suke zaton malam yana so. Ni a wurina wannan littafin ya fi tukwanen daraja, domin a cikinsa ne za ka saba faɗin abin da ka gani ko da bai zo yadda ka so ba.

Yanzu ka dubi jikinka. Gumin da ke keto maka a filin ƙwallo aikinsa ɗaya da ruwan yashin nan: yana bushewa, yana kwashe zafi. Allah ya gina jikin nan don ya motsa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar cewa yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 a kullum yana motsa jiki sosai. Mu a zamaninmu ba wanda ya ƙidaya mana minti. Langa a dandali, jan guga, da tafiyar ƙasa zuwa makaranta sun ɗauke mana. Ku kuwa daga benci sai Keke Napep, daga nan sai waya a hannu har dare ya raba. Don haka ban yarda ka bar ƙwallo ba, kuma zan yi wa mahaifiyarka magana da kaina. Awa ɗaya bayan la'asar ba ita ke kayar da ɗalibi ba, rashin barci da karatun gyangyaɗi su ne abin tsoro. Ka sha ruwa sosai, musamman da bazara. Abu ɗaya nake roƙonka: duk wanda ya miƙo maka ƙwaya a bakin fili ya ce tana ƙara ƙarfi ko tana kashe gajiya, ka ce a'a, ka faɗa mini. Na ga samari masu ƙirar zaki da Tramadol da Kodin suka mayar abin tausayi. Ba a banza gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai Kodin a 2018 ba.

Batun agaji kuwa, na ji daɗi ƙwarai da zuciyarka ta karkata can. Mu da aikin gayya muka tashi: a yi wa tsoho noma, a ɗaga wa gwauruwa katangar da ruwa ya kayar, a sha fura a watse, ba wanda ya rubuta sunan kowa. Ko 'yan agajin masallaci ka shiga ko Red Cross, ka nace sai an koya maka taimakon gaggawa na gaske: yadda ake danne rauni jini ya tsaya, da yadda ake kwantar da wanda ya suma a gefensa. Kaki da fareti ado ne kawai in babu wannan. Kuma kada ka raina na kusa. Kwatar layinku tana jiran shebur kafin ruwan farko, a nan sauro yake ƙyanƙyasa. Akwai yara a gidanku da maƙwabta waɗanda har yanzu haɗa baƙi yake ba su wuya. Rabin awa bayan magariba a kan tabarma zai yi musu abin da ba ka zato.

Sai dai ka kiyaye mini abu guda. In ka kai wa mabuƙaci wani abu, wayarka ta zauna a aljihu. Na taɓa tsayawa a wani rabon kayan azumi, na ga wata dattijuwa ta ja mayafi ta rufe fuska, hannunta ɗaya a kan buhun shinkafa, samari huɗu sun kewaye ta suna jira ta ɗago kai a ɗauki hoto. Har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi. Ta karɓi shinkafar, amma ta biya da abin da ya fi shinkafar tsada.

Ka tuna tukwanen Malam Bah Abba ma ba a tumatir suka tsaya ba. Gidan da kayan miya suka daina ruɓewa a kwana uku, ba dole a ɗora wa yarinya talla kullum don a rabu da su ba, sai ta samu sararin zuwa aji. In naka ya yi kyau, bayan an gama nuni kada ka bar shi a ofishin malamai ƙura ta rufe shi. Ka kai wa tsohuwar nan mai sayar da kayan miya a bakin layinmu, ka nuna mata yadda ake jiƙa yashin.

Ranar Asabar ka zo da hantsi, da kekenka. Za mu je wurin masu tukwane, ka zaɓi biyun da kanka, ka ƙwanƙwasa kowace ka ji ko tana da tsaga. Ka taho da sabon littafi da biro. Ka gaishe mini da mahaifiyarka da ƙannenka.

Allah ya yi maka albarka.

Kakanka.