Zaɓen Jirgin Kayak Don Kamun Kifi A Teku

Wanda ya saba da kwale-kwale a Kwara ko a Binuwai ya san jirgin da a ke shiga cikinsa a zauna. To, akwai wani ƙaramin jirgi na mutum ɗaya wanda ba shigarsa a ke yi ba, hawansa a ke yi kamar yadda a ke hawan sirdi. Sunansa kayak, da shi ne kuwa masunta da yawa su ke fita teku a Amurka da Ostareliya da Afirka ta Kudu. Zaɓensa yana bukatar hankali ƙwarai, gama wanda ya sayi na tabki ya kai shi teku, in ya yi sa'a kayansa kaɗai zai rasa, in kuwa bai yi ba har da ransa.

Asalin kayak na mutanen ƙasashen ƙanƙara ne, watau Inuwit na Girinlan da Kanada da Alaska. Su kan haɗa itace ko ƙashi su lulluɓe da fatar dabbar ruwa, su bar rami guda inda mutum zai zura ƙafafunsa. Irin wanda a ke hawa bisa kuwa, wani mutum mai suna Tim Niemier ne ya yaɗa shi. Ya fara ƙera nasa a Malibu ta Kalifoniya a 1971, sa'an nan ya kafa kamfanin Ocean Kayak a 1988.

Jikin wannan jirgi a rufe ya ke ruf kamar goran masunta, iska ce a ciki. Akwai waɗansu 'yan ramuka da su ka ratsa daga wurin zama har ƙasa, ta nan ne ruwan da ya hau bisa ya ke zurarewa da kansa. In ya kife, sai a birkice shi a sake hawa, ba sai an tsaya kwarfe ruwa ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa masuntan teku su ka fi son shi.

Tsawo da faɗi

Dogon jirgi ya fi gudu, ya fi kuma tafiya sosai ba karkata, amma yana da wuyar juyawa. Gajere yana juyawa da sauri, sai dai yana gajiyar da mai tuƙi in tafiya ta yi nisa. Don teku, a nemi mai tsawon ƙafa 13 zuwa 15, watau mita 4 zuwa 4 da rabi. Mai ƙafa 10 na tabki ne da ƙananan koguna. Faɗi kuwa ya zama inci 28 zuwa 32. Mai saye ya kan ruɗu da jirgi mai faɗi, mai shimfiɗaɗɗen ciki, don in an hau shi a ruwa kwance ba ya ko motsi. Amma irin wannan bin fuskar ruwa ya ke yi, in raƙumin ruwa ya karkata sai ya karkata tare da shi. Mai ɗan zagayayyen ciki yana rawa da fari, amma in ya jirkita ya kan tsaya ya ba mutum damar daidaita shi. Kujera mai tudu ma haka ta ke: daɗin zama gare ta, amma kowane inci da mutum ya ƙara sama ya ƙara wa jirgin saurin kifewa.

Lanƙwasar ciki da hanci

A ajiye jirgin a daɓe a dube shi ta gefe. In hancinsa da gindinsa sun ɗaga sama kaɗan kamar jinjirin wata, shi ne mai hawan raƙuman ruwa. Wanda ya kwanta ɗoɗar daga gaba har baya ya kan soke hanci cikin ruwa lokacin komowa gaɓa, gindi ya tashi sama, ya wuntsila da mai shi. Hancin kuma ya zama mai kauri da tudu, don ya taso da wuri bayan ruwa ya rufe shi.

Nauyin da zai ɗauka

Maƙera su kan rubuta iyakar nauyin da jirgi zai ɗauka, amma gwanaye ba su wuce kashi 3 cikin 4 na abin da aka rubuta. Ga misali. An rubuta kilo 180, kashi 3 cikin 4 ya zama kilo 135. Masunci yana da kilo 75, kayan su da filafili kilo 25, ruwan sha da ƙanƙara kilo 10, jimla 110. Abin da ya rage wa kifi kilo 25 ke nan. In aka zarce, jirgin zai nutsa ƙasa, ruwa ya riƙa ɓuɓɓugowa ta ramukan nan maimakon ya fita. A lura kuma da nauyin jirgin kansa. Wanda ya wuce kilo 35 zuwa 40 yana da wuyar ja cikin rairayi ga mutum ɗaya, a bakin teku kuwa jinkirin ja shi ne ya ke sa raƙumi na biyu ya riski mutum.

Roba ko gilas

Yawancinsu da roba mai tauri a ke yin su, tana jimre karo da dutse, ga araha, amma tana da nauyi, rana kuma tana cin ta in an bar ta a fili. Masuntan Durban ta Afirka ta Kudu, inda raƙuman gaɓa su ke da ƙarfi, sun fi amfani da na zaren gilas. Wannan ya fi sauƙin nauyi da gudu, yana kuma da babban rumbu mai murfi tsakanin ƙafafun mai tuƙi inda a ke zura sandunan fatsa da kifi. Kowane iri aka zaɓa, lalle ya kasance da inda za a ɓoye sanduna ko a ɗaure su kwance. Akwai kuma mai feda da a ke tuƙawa da ƙafa, irin wanda kamfanin Hobie ya fito da shi a 1997. Yana barin hannu ya yi aikin fatsa, amma ya fi tsada da nauyi, tilas kuwa a ɗage fedar kafin a iso rairayi, a ƙarasa da filafili.

Fita da komowa

Raƙuman teku jeri-jeri su ke zuwa, manya kaɗan su wuce, sa'an nan a sami ɗan sarari. Masunci mai hankali ya kan tsaya a gaɓa ya ƙirga su tukuna. Da sarari ya samu, sai ya sa hancin jirgi sak ga raƙumi, ya tuƙa da ƙarfi ba tsayawa, ya sunkuya gaba sa'ad da ruwa zai doke shi. Kada a raina wannan duka: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ɗan madaidaicin raƙumi kuwa ya fi lita dubu.

Komowa ta fi fita hatsari, domin ruwan yana bayan mutum. Tun daga nesa a kwance ƙugiyoyi, a ɓoye sanduna, a rufe murafu, a cire igiyar da ta ɗaure filafili da jirgi don kada ta sarƙe wuya ko ƙafa. Sai a bar raƙumi ya wuce ta ƙarƙashi, a bi bayansa da sauri. In wani ya cim ma mutum, ya jingina baya don hanci ya ɗaga. In jirgi ya juya ya ba ruwa haƙarƙari, a karkata wajen raƙumin a dafa filafili bisansa. Wanda ya karkata wajen gaɓa ya kife ke nan. Waɗansu kuma da baya-baya su ke shigowa, suna fuskantar raƙuman. Da an taɓa ƙasa a dira, a kama hanci a ja da gudu. Doka ɗaya ba a karya ta: kada mutum ya tsaya tsakanin jirgi da gaɓa, gama ruwa zai jefo masa jirgin a ƙwauri.

Kayan tsaro da gwaji

Rigar hana nutsewa a jiki ta ke da amfani, ba a cikin rumbu ba. A tafi da usur, da tuta mai haske bisa doguwar sanda don manyan jirage su gani, da rediyon ruwa, wanda tasharsa ta 16 ita ce ta neman agaji. A duba labarin iska kafin fita, musamman mai busowa daga tudu zuwa teku, wadda ta ke tura mutum nesa ba tare da ya sani ba. A gaya wa na gida inda aka nufa da lokacin komowa.

Mai sayen na hannu ya duba bakin ramukan nan ko sun tsage, ya shafa ƙasan gindi inda ja ya ke cinyewa, ya tabbata toshiyar zubar da ruwa tana nan. Tsaga ƙarama ta isa ta cika cikin jirgin a hankali, mutum bai gani ba sai ya ji ya yi nauyi. Masu iya magana sun ce sai an gwada a kan san na ƙwarai. Saboda haka kafin a biya kuɗi a hau jirgin a ruwa marar zurfi, a kifar da shi da gangan, a ga ko za a iya birkice shi a sake hawa ba da taimakon kowa ba. Wanda ya gagara hawa a ruwa kwance, a bar wa mai shi abinsa, ko da a rabin kuɗi ya sallama.