Injin da mai ke juyawa

Yara, kun taɓa tsayawa kallon katafila mai haƙa ƙasa a wurin aikin hanya? Ga ta da nauyi, amma sai ta juya a wuri guda, ta ɗebo ƙasa, ta zuba cikin kamiyo. Direbanta kuwa ƙananan sanduna kawai yake taɓawa. To, ta yaya ƙarfi ke isa ƙafafunta?

Mu yi gwaji. Malam zai kawo sabon sirinji marar allura (kada kowa ya tsinto na bayan asibiti). Ku ja iska, ku toshe bakin da yatsa, ku danna: iska tana matsuwa. Yanzu ku cika shi da ruwa, ku sake dannawa. Ya ƙi motsi, yatsanku ne ke jin turin. Ruwa ba ya matsuwa, yana miƙa ƙarfin da aka sa masa ne zuwa gaba. Wani masani Bafaranshe, Bilez Paskal (1623-1662), ya nuna cewa in aka matsa ruwa a cikin rufaffen mazubi, matsin yana isa ko'ina daidai wa daida.

A cikin katafila mai ake sawa, ba ruwa ba, don ruwa yana sa ƙarfe tsatsa. Babban inji mai shan gazuwal yana juya pampo. Pampo yana zuƙo mai daga tanki, ya tura shi cikin tiyo har zuwa wani ƙaramin inji. Man ya juya wannan inji, sannan ya koma tanki. Shi ake kira injin matsin mai. Aikinsa kishiyar na pampo ne: pampo ana juya shi don ya tura mai, shi kuwa mai ke tura shi don ya juya.

Manyan irinsa uku ne. Na farko mai haƙora: gargare biyu ne da haƙoransu suka sarƙe cikin matsattsen gida. Mai ya tura haƙoran, gargaren su juya. Shi ya fi sauƙin ƙira da araha. Na biyu yana da ƙananan fikafikan ƙarfe masu shiga da fita, ba shi da ƙara sosai.

Na uku, mai pisto, shi ne gwani wajen aiki mai nauyi. Ku tuna mata suna lugude a turmi ɗaya: wannan taɓarya tana sauka, waccan tana tashi, dakan ba ya yankewa. Haka pisto bakwai ko tara suke tura wani karkataccen faifai ɗaya bayan ɗaya, sandar inji ta yi ta juyawa. Katafila tana da irin wannan inji a ƙafar dama, wani a ta hagu, na uku kuma yana juya ɗakin direba. In ta dama ta yi gaba, ta hagu ta yi baya, sai katafila ta juya a inda take tsaye.

Ana auna matsi da bar. Iskar tayar ƙaramar mota bar 2 ce ko ƴan kai. Man katafila kuwa yakan wuce bar 300. Saboda haka in tiyo ya huje, ko da hujin bai fi tsinin allura ba, man da ke tsartowa yana iya huda fata ya shiga nama, har a rasa yatsa. Makanike nagari da kwali yake neman yoyo, ba da hannu ba. Wanda man ya huda, a kai shi asibiti nan take, ko da raunin ƙarami ne.

Kalmomi
matsi: la pression
tiyo: le tuyau
injin matsin mai: le moteur hydraulique

Tambayoyi
1. Me ya bambanta pampo da injin matsin mai?
2. Ku zana hanyar da mai ke bi daga tanki har ya dawo.