Motar Tsere Ko Ta Titi?

Tambaya: Malam, me ya sa a Amurka tsohuwar motar da aka gyara don hawa titi ta fi ta tsere daraja?

Amsa: Ɗan'uwa, masu sayen ta titi ne suka fi yawa. Motar tsere an kwashe cikinta: babu kujerun baya, babu na'urar sanyi, ƙarar salansa ba ta barin hira. Sau da yawa ba ta samun lamba, sai an kai ta filin tsere a tirela, injin kuma ya sha wahala.

Amma duba motar Camaro ta 1969 da aka sa wa sabon inji samfurin LS da birkin zamani. Maigida zai ɗebi iyali su yi doguwar tafiya ba ciwon baya. Irinta ake rububi a gwanjon motoci na Barrett-Jackson. Sai dai motar tseren da ta ci babbar gasa, farashinta daban ne.