Na'urar riƙe gudun babur

A Amurka da Turai hanyoyi dogaye ne, masu kwalta. Mai babur ya kan yi tafiya mai nisa yana murɗe da totur, har hannunsa ya sage. Shi ya sa wasu ke sayen wata na'ura su ɗaura wa babur, ita ce ke riƙe gudun.

Wani makaho ne, Ralph Teetor, ya ƙago ta domin motoci. Kamfanin Chrysler ya fara sa ta cikin 1958.

Tsohon samfurinta da iska yake aiki. Inji yana zuƙar iska, wannan zuƙa ce ke jan wayar totur. To, amma injin babur ƙarami ne. Zuƙarsa ba ta isa, balle wajen hawan tudu. Sai a ƙara ɗan famfo mai zuƙar iska, a haɗa shi da batir.

Ga babban abin lura: da zarar an taɓa birki, na'urar ta saki totur.

Roba ba ta haka. In saurayi ya ɗaure totur da roba tsakanin Maraɗi da Tasawa, akuya ta gitta, ya taka birki, injin yana nan yana ja.