Kamar An Taɓa Gani

Akwai wani abin mamaki da kan sami mutum jefi-jefi. Sai ya shiga garin da bai taɓa zuwa ba, ko ya zauna hira da baƙo, farat ɗaya ya ji a ransa kamar duk wannan ya taɓa faruwa, da wurin, da maganar, har da irin zaman da ya yi. Alhali kuwa ya tabbata yau ne farko. Kafin ya ƙirga goma abin ya wuce, ya bar shi da mamaki.

Faransawa suna kiran wannan hali déjà vu, watau "an riga an gani". Wani malamin Faransa mai suna Emile Boirac ya yi amfani da kalmar cikin rubutunsa a 1876, daga baya ta bazu ko'ina. Masu bincike sun tarar kamar mutum biyu cikin uku sun taɓa jin abin. Ya fi samun samari da 'yan mata, yana raguwa in shekaru sun ja. Ya kan fi zuwa sa'ad da mutum ya gaji, ya kuma fi samun masu yawan tafiye-tafiye.

To, mene ne dalilinsa? Kafin a gane wannan, sai an san cewa ƙwaƙwalwa tana da aiki iri biyu masu kama da juna. Na ɗaya shi ne shaidawa, na biyu tunawa. Ga misali. Mutum ya kan gamu da wani a kasuwa, ya ce a ransa, "Lalle na san wannan fuska," amma ya rasa inda ya san ta. Wannan shaidawa ce kaɗai. Can da dare sai ya ce, "Af, ashe mahaucin nan ne na tasha!" Wannan ita ce tunawa. Kullum su biyu tare su ke tafiya. Amma wani lokaci shaidawa ta kan motsa ita kaɗai, ba abin tunawa a bayanta. Masana sun kawo dalilai uku da kan sa haka.

Dalili na farko shi ne kamanni. Yaro ya kan shiga gidan da bai taɓa shiga ba, ya tarar zaure a gaba, rijiya a dama, rumbu a hagu, bishiya a tsakar gida. Watakila haka tsarin gidan kakarsa ya ke, wanda ya gani tun yana ƙarami ya manta. Ƙwaƙwalwa ta shaida tsarin, amma ta kasa tuna gidan. A 2012 wata malama a Amurka, Anne Cleary, da abokan aikinta suka jarraba wannan. Suka gina wurare na hoto cikin kwamfuta, suka nuna wa mutane. Sa'an nan suka nuna musu waɗansu sababbi, kayan ciki dabam, amma jerinsu ɗaya da na farko. Mutanen suka fi jin kamar sun taɓa gani a wuraren nan masu jeri ɗaya, ko da ya ke sun kasa tuna na farkon. Hausawa sun ce, kama da wane ba ta wane.

Dalili na biyu shi ne gani sau biyu. Mutum ya kan ɗaga ido ya dubi wuri alhali hankalinsa yana wani waje. Ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta ajiye, shi kuwa bai sani ba. Da ya sāke dubawa da hankali, sai ya ji wurin ba baƙo ba ne. Gaskiya ne ya taɓa gani, amma yanzu-yanzun nan ne, ba bara ba.

Dalili na uku shi ne ɗan kuskuren saƙo. Sashen ƙwaƙwalwa mai kula da shaidawa da tunawa yana daura da kunnuwa. A 1888 wani likitan Ingila, Hughlings Jackson, ya bayyana cewa waɗansu masu farfaɗiya su kan ji wannan hali dab da ciwon zai tashi. Daga baya Wilder Penfield, likita a birnin Montreal na ƙasar Kanada, ya riƙa yi wa masu farfaɗiya aikin ƙwaƙwalwa suna farke. In ya taɓa wannan sashe da lantarki kaɗan, waɗansunsu su kan ce duk abin da ke kewaye da su kamar sun san shi dā. Saboda haka masana suna zaton ko mai lafiya ma, sashen nan ya kan aika da saƙon shaidawa a kan kuskure, kamar yadda ido kan yi rawa ba dalili.

Waɗansu kan ce sa'ad da abin ya zo musu, har su kan ji sun san abin da zai biyo baya. A 2018 Anne Cleary ta jarraba wannan kuma, ta tarar ba su fi mai cinke dacewa ba. Ji ne kawai, ba sanin gaibu ba.

Abin lura shi ne, wanda abin ya samu ya san jin nan ba daidai ba ne. Ke nan hankalinsa ya kama kuskuren, kamar malami mai duba aikin almajiri. Don haka in abin ya zo sau ɗaya-ɗaya, ba abin tsoro ba ne. Amma in yana zuwa kullum, tare da jin wani baƙon wari, ko tsoro ba dalili, ko ɗaukewar hankali, to, sai yaro ya gaya wa iyayensa ko malaminsa, a kai shi asibiti. Farfaɗiya ciwo ne na ƙwaƙwalwa, yana da magani, kuma ba a ɗaukarsa daga wani.

Tambayoyi

1. Mene ne ma'anar déjà vu, kuma daga wane harshe kalmar ta fito?
2. Wane bambanci ke tsakanin shaidawa da tunawa? Kawo misali naka na kanka.
3. Faɗi dalilai uku da kan sa mutum ya ji kamar ya taɓa ganin sabon wuri.
4. Me Wilder Penfield ya gano?
5. Yaushe ya kamata a kai mutum asibiti saboda wannan hali?