Kada Shinkafar Baƙi Ta Wuni a Kula

Uwargida, in ƙawaye za su taru a gidanki, kada zumuɗi ya sa ki dafa shinkafa tun asuba ki rufe a kula har la'asar. Da zafin nan namu, shinkafar da ta huce ta daɗe a ajiye kan ɓata ciki ko da ƙamshinta bai canza ba, kuma ɗumamawa ba ta kashe dafin da ƙwayoyin cuta suka riga suka zuba.

Cincin da zoɓo ki gama su tun ana gobe, zoɓon ya kwana a firij. Shinkafa kuwa ki ɗora saura awa biyu su iso. Haɗin kabeji, kada ki zuba masa bama sai an zauna ci. Abin da ya rage, ki aika wa maƙwabta tun da ɗuminsa.